Gasar Bazara Ta Ƙwallon Kwando: Mu Rubuta Abin Da Muka Gani, Mu Bar Duba



Duk shekara idan watan Yuli ya kama, lokacin da mu a nan damina ta zauna, can a Amurka zafi ake fama da shi, kuma babbar gasar ƙwallon kwando ta NBA tana hutu. A cikin wannan hutun ne ƙungiyoyinta 30 suke kwasar samarin da suka fito daga jami'o'i su nufi birnin Las Vegas, a hamadar jihar Nevada, a yi kwana goma da 'yan kai ana fafatawa. Ita ce ake kira gasar bazara. Tsakaninmu da Las Vegas a wannan lokaci akwai tazarar awa takwas, wato wasan da aka take da ƙarfe bakwai na yamma a can, a Kano ko Maraɗi ƙarfe uku na dare ne. Saboda haka yawancin masu son wasan a ƙasashenmu da safe suke ganin sa a waya, a gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu. Kafin a gama karin kumallo kuwa an riga an yanke hukunci: wane tauraro ne, wane kuma asarar zaɓe aka yi.

Ra'ayinmu shi ne wannan hukunci na safiya ɗaya zalunci ne ga yaran, kuma asara ce ga mai rubutu. Abin da ɗan kallo ya gani a gasar bazara gaskiya ne, ya kuma cancanci a rubuta shi da kyau. Amma shaidar ido ce a kan abin da ya faru a 'yan kwanaki, ba ta kai ta faɗi abin da yaro zai zama nan da shekara goma ba. Marubucin da ya rarrabe waɗannan biyun, rubutunsa zai daɗe ana amfana da shi. Wanda ya cakuɗa su, kakar wasa ɗaya ta isa ta ƙaryata shi.

Bari mu fara da bayanin gasar, domin ba kowa a cikinmu ne yake bibiyar wasan ba. A Amurka jami'o'i ne babbar gonar da ake noman 'yan ƙwallon kwando. Rukunin farko kaɗai na gasar jami'o'i yana da makarantu sama da 350. Duk watan Yuni ƙungiyoyin NBA suna zaɓar sababbin 'yan wasa a zagaye biyu, kuma guraben da ake da su 60 ne, ana raba su da samarin da suka zo daga Turai da Afirka da sauran sassan duniya. Makonni kaɗan bayan zaɓen sai a tafi gasar bazara. Ta Las Vegas an fara ta a shekarar 2004, ana yin ta a ɗakunan wasa biyu na Jami'ar Nevada da ke birnin, kuma tun 2018 duk ƙungiyoyi 30 suke halarta. Kowace ƙungiya tana buga aƙalla wasa biyar. Akwai ƙananan gasa da ake yi kafin ta, irin ta birnin Salt Lake City.

Akwai kuma wani nau'in, na waɗanda ba su bar makaranta ba tukuna. Misalinsa gasar Kenner, wadda aka daɗe ana yi a harabar Jami'ar Georgetown a birnin Washington tun daga shekarun 1980. A irin wannan gasa ne magoya bayan wata jami'a suke fara ɗora ido a kan sababbin ɗaliban da aka ɗauko wa ƙungiyarsu, watanni kafin a fara kakar wasa a watan Nuwamba. Suna cika ƙaramin ɗaki, su kalla, su koma gida suna lissafin kofi. Nau'i biyun duk halinsu ɗaya: wasa ne na wucin gadi, 'yan kallo kuma suna jin yunwar ƙwallo bayan watanni babu ita, ga su cike da fata. Mai jin yunwa kuwa ba a tambayar sa ko miya ta ji gishiri.

Mu duba shekarar 2012. A gasar Las Vegas ta wannan shekara mutum biyu aka bai wa kyautar gwarzon gasa tare. Na farko Damian Lillard, wanda ya fito daga Weber State, ƙaramar jami'a a jihar Utah, kuma ƙungiyar Portland ta zaɓe shi na shida. Na biyu Josh Selby, wanda ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Kansas, yana buga wa Memphis. Selby ya yi ta zuba jifan maki uku kamar da wasa, har waɗanda suka kalle su a wannan makon ba su ga wani bambanci tsakaninsu ba. Lillard ya ci kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa na wannan kakar ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kuɓuce masa ba, ya zama ɗaya daga cikin manyan zamaninsa. Selby kuwa wasannin da ya buga a NBA duka ba su kai 40 ba, daga nan ya koma neman abinci a wasu ƙasashe. Ido bai yi ƙarya ba a ranar, duka biyun sun yi wasa mai kyau. Wanda ya rubuta cewa Selby ya haskaka a wannan makon ya faɗi gaskiya har gobe. Wanda ya rubuta cewa Memphis ta samu tauraron shekara goma, shi ne ya shiga aikin boka.

Haka abin yake idan aka juya shi. A 2009 ƙungiyar Golden State ta zo Las Vegas da wani siririn yaro daga ƙaramar kwalejin Davidson, mai suna Stephen Curry, wanda ta zaɓa na bakwai. A gasar, cikin kowane jifa uku da ya yi da ƙyar ɗaya yake shiga. Abokan wasansa biyu ne suka ɗauke hankalin jama'a: Anthony Randolph ya ci maki 42 a wasa ɗaya, Anthony Morrow kuma ya ci 47. Da a ce an tambayi 'yan kallo wane ne gwanin jifa a wannan ƙungiya, kaɗan ne za su nuna Curry. Shi ne kuma ya zo ya ɗauki kofin NBA sau huɗu, ya zama gwarzon gasar sau biyu a jere, a 2015 da 2016, sannan a watan Disamba na 2021 ya zarce kowa a tarihin gasar wajen yawan jifan maki uku.

Trae Young ma haka. Ya bar Jami'ar Oklahoma a 2018 bayan ya fi kowa a gasar jami'o'i cin maki da kuma ba da fasin da aka ci. A wasansa na farko na bazara a Salt Lake City ya yi jifa 20, huɗu kacal suka shiga, wasu ko ƙarfen kwandon ba su taɓa ba. Da yake ƙungiyar Atlanta ta yi musayar Luka Doncic ne ta karɓo shi, sai aka yi masa ca a kafafen sada zumunta, aka mayar da shi abin dariya. Shekara uku bayan haka shi ya ja Atlanta har wasan ƙarshe na shiyyar gabas. A 2025 ma Cooper Flagg na Jami'ar Duke, wanda Dallas ta zaɓa na ɗaya, ya yi jifa 21 a wasansa na farko biyar suka shiga. A wasa na biyu ya ci maki 31, daga nan ƙungiyarsa ta ce ya huta. Wanne ne Flagg na gaskiya a cikin waɗannan wasanni biyu? Duka shi ne, yaro ɗan shekara 18 da ke koyon sabon aiki a gaban dubban mutane.

Me ya sa gasar bazara take ruɗin ido haka? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kuma marubuci ya kamata ya san su kafin ya ɗauki alƙalami.

Na farko, waɗannan ba ƙungiyoyi ba ne na haƙiƙa. Samari ne aka tattaro daga wurare daban-daban, suka yi atisaye na 'yan kwanaki, aka ba su riga iri ɗaya. Ƙwallon kwando wasa ne na mutum biyar da suka san motsin juna, musamman wajen tsaro. Idan babu wannan sanayya, tsaro yakan zama rariya, sai mai gudu da tsalle da son jifa ya yi ta sheƙe ayarsa. Shi kuwa wanda gwanintarsa ita ce karanta fili da ba da fasin a kan lokaci, sai ya jefa ƙwallo inda ya kamata abokinsa ya kasance, ya tarar babu kowa a wurin. A takardar ƙididdiga za a rubuta ya zubar da ƙwallo, alhali shi ne ya fi kowa fahimtar wasan.

Na biyu, bukatun 'yan wasan sun bambanta. Wanda aka zaɓa a zagayen farko yana da kwantiragi mai tabbacin albashi na shekara biyu. Shi an kawo shi ne ya gwada abin da bai iya ba, ko da zai yi kuskure, kuma sau da yawa bayan wasa biyu ake zaunar da shi don gudun rauni. Wanda ba a zaɓa ba kuwa jarrabawar neman aiki yake rubutawa. Guraben dindindin a kowace ƙungiya 15 ne, wato 450 a gasar baki ɗaya, yawancinsu kuma da masu su. Sauran abin da ya rage shi ne kwantiragin raba ƙafa tsakanin NBA da ƙaramar gasarta ta G League, ko kuma wakilan ƙungiyoyin Turai da Asiya da ke zaune a gefe da littafinsu su yaba da shi. Irin wannan yaro idan ƙwallo ta zo hannunsa, da wuya ya sake ta. Ba son kai ba ne zalla, abincinsa ne a kan layi.

Na uku, dokokin ma daban suke. A jami'a ana buga minti 40 ne a zubi biyu, ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta yi jifa, kuma fawul biyar ke fitar da ɗan wasa. A NBA minti 48 ne, daƙiƙa 24, fawul shida. Layin maki uku a jami'a yana da nisan mita 6.75 daga kwando, na NBA kuwa ya kai mita 7.24 ta tsakiya. Wannan rabin mitar ba ƙaramin abu ba ne ga hannun da ya yi shekaru yana auna wani nisa daban. Gasar Las Vegas kuma ta zo da nata: minti 40, sannan an yarda ɗan wasa ya yi fawul har goma kafin a kore shi. Greg Oden na Jami'ar Ohio State, wanda Portland ta zaɓa na ɗaya a 2007 a gaban Kevin Durant, sai da ya cinye goman nan tas a wasansa na farko. Wasan da aka halasta ruƙo da ture har haka, ba shi ne wanda za a buga a watan Oktoba ba.

Na huɗu, shekaru da gogewa. Ba sababbi kaɗai ke buga gasar ba. Akwai waɗanda suka riga suka yi shekara guda ko biyu a NBA, da waɗanda suka yi shekaru suna yawon ƙwallo a ƙasashe, jikinsu ya yi ƙwari. Selby da muka ambata ya riga ya yi kaka guda a Memphis kafin ya zo, domin ba a yi gasar bazara ba a 2011 saboda rikicin albashi tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Glen Rice ƙarami, gwarzon gasar 2014, shi ma a shekararsa ta biyu yake, kuma wasanninsa a NBA ba su kai 20 ba. Idan ɗan shekara 24 ya murƙushe ɗan shekara 19, abin da muka gani shi ne tazarar shekara biyar, ba lallai tazarar baiwa ba.

Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne aikin da za a bai wa yaro daga baya. A bazara ana iya danƙa masa ƙwallo a ce ya yi yadda ya ga dama. Idan kaka ta fara, ƙwallon tana hannun manya masu albashin miliyoyi. Shi za a sa shi minti goma, a ce ya tsare mutuminsa, ya tsaya a kusurwa, idan ƙwallo ta zo ya jefa ba tare da jinkiri ba. Wanda ya iya cin maki 30 idan an ba shi jifa 25 amma bai iya wannan ƙaramin aikin ba, benci zai ɗumama. A kan haka kuma sai a ƙara abin da babu idon da ke hango shi, wato rauni. Oden bai buga ko wasa ɗaya ba a kakarsa ta farko saboda tiyatar gwiwa, kuma duka wasanninsa a NBA 105 ne. Lonzo Ball na Jami'ar UCLA, gwarzon gasar bazara ta 2017, ya yi fiye da shekara biyu da rabi bai taka fili ba saboda gwiwa.

To, mun san wani zai ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Maganar tana da ƙarfi, kuma akwai hujjoji a bayanta. A bazarar 1994, kafin Allen Iverson ya buga wa Georgetown ko wasa ɗaya, ya shiga gasar Kenner ya ci maki 40 a fitowarsa ta farko, labari ya cika birnin Washington. Waɗanda suka fito daga ɗakin suna cewa sun ga abin mamaki ba su yi kuskure ba: an zaɓe shi na ɗaya a 1996, ya zama gwarzon NBA a 2001. Blake Griffin a 2009 da John Wall a 2010 duk sun haskaka a Las Vegas, kuma sun cika alkawari. Mun yarda da wannan. Sai dai mu lura da yadda ƙwaƙwalwa take aiki. Labarin Iverson ake ta maimaitawa shekara talatin saboda ya zo daidai da abin da aka zata. Samarin da suka ci maki 35 a irin wannan ɗaki sannan suka ɓace, babu mai tuna sunansu balle ya ba da labarinsu. Idan boka ya yi duba ɗari, biyar suka faɗa daidai, biyar ɗin nan su ne tallarsa. Hausawan da suka yi karin maganar Laraba su ne kuma suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Wani kuma zai ce ɗan kallo ba ma'aikacin ƙungiya ba ne, nishaɗi ya zo nema, a bar shi ya yi mafarkinsa. Wannan ma gaskiya ce, kuma ba ma son a raba kowa da jin daɗinsa. Ranar 5 ga Yuli 2019 Zion Williamson na Duke ya fizge ƙwallo daga hannun Kevin Knox na New York ya danna ta cikin kwando da ƙarfin da ya tayar da ɗakin tsaye. Minti tara kawai ya buga a wasan kafin ya bugu a gwiwa, wasan kansa kuma ba a ƙarasa shi ba saboda girgizar ƙasa da ta kaɗa ginin. Duk wanda ya ga wannan dare yana da abin ba da labari, kuma babu laifi ya yi ihu. Inda muke jan layi shi ne lokacin da ihun ya koma rubutu. Magana a majalisa iska ke kwashe ta, rubutu kuwa yana zama, ana tura shi, wanda bai kalli wasan ba ya ɗauke shi a matsayin ilimi. Daga nan nauyi ya hau kan mai alƙalami.

Kada kuma a fahimce mu da cewa gasar ba ta da amfani. Tana da shi, musamman ga wanda aka raina. Jeremy Lin ya gama Jami'ar Harvard a 2010 babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Dallas ta gayyace shi gasar bazara, ya haɗu da John Wall, wanda aka zaɓa na ɗaya a shekarar, ya tsaya masa ƙafa da ƙafa har 'yan kallo suka koma yi masa tafi. Wannan ya buɗe masa ƙofar kwantiragi da Golden State, kuma a watan Fabrairun 2012 duniya ta san shi a New York, inda ya ci Lakers ta Kobe Bryant maki 38. Fred VanVleet na Jami'ar Wichita State shi ma ba a zaɓe shi ba a 2016. Ya bi Toronto zuwa Las Vegas, ya samu gurbi, ya ɗauki kofi da ita a 2019, a 2023 kuma Houston ta ba shi kwantiragin kusan dala miliyan 130. VanVleet bai cika allo da maki ba a wannan bazarar. Abin da ya nuna shi ne natsuwa, riƙon ƙwallo ba tare da zubarwa ba, da naci wajen tsaro duk da gajartarsa.

Shugaban harkokin wasa na Toronto a lokacin da aka ɗauki VanVleet ɗan gida ne a wurinmu. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara ƙwallon kwando. Bayan ya yi karatu a Amurka ya buga wasa a Turai, sai ya fara aikin farauto 'yan wasa wa ƙungiyar Orlando a 2002 ba tare da albashi ba, yana yawo daga wannan ɗakin wasa zuwa wancan da kuɗin aljihunsa. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA lokacin yana Denver. A shekarar da Toronto ta ɗauki VanVleet ne kuma ta zaɓi Pascal Siakam, ɗan birnin Douala na Kamaru, daga Jami'ar New Mexico State, a lamba ta 27, lokacin da mutane da yawa ba su san sunansa ba. Aikin irin su Ujiri ya ginu ne a kan kallon yaro sau da yawa, a wurare daban-daban, a ranar da yake ci da ranar da ba ya ci. Duk da haka su ma ƙwararrun nan sukan zaɓi wanda bai yi ba, su tsallake wanda ya yi. Idan mai wannan sana'a yana taka-tsantsan, ina ga wanda ya ga bidiyon minti biyu?

Saboda haka idan za mu rubuta a kan waɗannan samari, mu nemi abin da ba ya canzawa daga fili zuwa fili. Tsayin kwando mita 3.05 ne a jami'a da NBA, layin jifan fawul ma nisansa ɗaya, don haka yadda yaro yake jifa daga wannan layi ya fi gaya mana gaskiyar hannunsa a kan jifa uku masu nisa da suka shiga a jere. Mu kalli ƙafafunsa lokacin da yake tsaro: yana iya bin mai ƙwallo gefe da gefe, ko sai ya sa hannu ya riƙe riga? Mu kalli abin da yake yi idan ƙwallo ba ta hannunsa, domin a nan zai yi mafi yawan rayuwarsa ta wasa. Idan ya zubar da ƙwallo, yana rugawa baya ya gyara, ko yana tsayawa yi wa alƙalin wasa ƙorafi? Idan koci ya fitar da shi, yana sauraro? Idan mutum biyu suka rufe shi, yana ganin abokinsa da aka bari shi kaɗai? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga gajeren bidiyo, domin mai yanka bidiyo abin da zai sa a danna yake nema. Sai wanda ya zauna ya kalli wasan daga farko har ƙarshe yake ganin su.

Sannan mu gaya wa mai karatu iyakar abin da muka kalla. Wasa nawa? Cikakke ne ko yanki? Da wa aka kara, kuma shekarun abokin karawar nawa? Jimlar da ta ce yaro ya yi jifa bakwai daga kusurwar hagu, biyar suka shiga, amma sau uku ana wuce shi ta dama, ta fi shafi guda na kirari amfani. Bayan shekara biyar ma za a karanta ta a ƙaru, ko yaron ya zama tauraro ko ya koma koyarwa a makarantar garinsu. Idan muna da hasashe mu faɗe shi, ra'ayi ai ba haramun ba ne, amma mu sa masa alamar cewa zato ne, mu kuma kawo dalilinsa. Kalmomi irin su "ba zai taɓa" da "babu shakka" mu ajiye su sai inda suka dace.

Akwai kuma haƙƙin su yaran. Wanda ake kira asarar zaɓe ɗan wani ne, shekarunsa 19 ko 20, kuma yana riƙe da waya kamar yadda muke riƙe da ita. Wanda ma bai samu gurbi a NBA ba, ba shi ke nan ya lalace ba. Anthony Randolph da ya ci maki 42 ya bar NBA a 2014, ya je Rasha, daga nan ya koma Real Madrid ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2018, bayan ya ci kofin ƙasashen Turai da Sloveniya a 2017. Marubucin da ya rufe littafinsa da kalmar "ya gaza" ya bar rabin labarin a ƙasa.

Wani abin da ya sa batun ya shafe mu kai tsaye shi ne rubutun ƙwallon kwando da Hausa bai yi yawa ba. Ƙwallon ƙafa ta samu kalmominta a bakin masu sharhi na rediyo da 'yan gidan kallo, ita kuwa ta kwando har yanzu muna laluben yadda za mu kira abubuwa da dama a cikinta, duk da cewa Kano da Zariya da Kaduna sun daɗe suna fitar da 'yan wasa. Waɗanda suka fara rubutu a fage irin wannan su ne ke shimfiɗa tabarmar da na baya za su zauna a kai. Idan muka fara da kwafo zuzutawa da zagin da ake yi da Turanci muna juya su, abin da za mu gadar ke nan. Idan muka fara da kallo na tsanaki da bayani dalla-dalla, yaron da ke atisaye a filin siminti a Sabon Gari zai karanta ya san abin da ake dubawa a jikin ɗan wasa, ya kuma gane cewa tsaro da fasin suna kai mutum inda tsalle kaɗai ba ya kai shi.

Mu kanmu ba mu rasa sanin ɗacin hukuncin gaggawa ba. Sabon marubuci yakan saki babi uku na littafinsa na farko, kafin mako ya zagayo wasu sun naɗa masa sarautar alƙalami, wasu sun ce ya nemi wata sana'a, kuma duka biyun suna iya kashe shi. Abin da yake bukata shi ne a ce masa hirar da ke shafi na huɗu ta yi rai, amma an gaggauta mutuwar uwar a babi na biyu. Irin adalcin da muke so a yi wa babinmu uku, shi za mu yi wa wasa biyar na ɗan wani.

Ga mai son gwadawa, idan Yuli ta zagayo ya zaɓi ɗan wasa ɗaya wanda ba a cika maganarsa ba, ya nemi cikakken wasansa guda biyu, ya kalla da takarda a hannu. Ya rubuta kalma ɗari biyar a kan abin da ya gani kawai, ya sa kwanan wata, ya ajiye. Idan kakar wasa ta ƙare a watan Afrilu ya ɗauko ya sake karantawa, ya ga waɗanne jimloli ne suka tsaya da ƙafarsu.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.